Gwamnati da kamfanonin soshiyal midiya: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Duk lokacin da aka ji gwamnati ta ci tarar Meta ko wani sanata ya kawo ƙudurin doka a kan soshiyal midiya sai tambayoyi su yi ta yawo a guruf-guruf, wasu na murna wasu na tsoro, da yawa kuma ba su ma san takamaimai me ake ciki ba. Ga waɗanda aka fi yi, da amsa daidai gwargwado.

Wai ta yaya gwamnatin Najeriya za ta sa wa Facebook doka, alhali kamfanin yana Amurka?

Haka ne, Meta mai Facebook da Instagram da WhatsApp na Amurka ne, X (tsohuwar Twitter) ma haka, YouTube na Google ne, TikTok kuma wani kamfanin China mai suna ByteDance ne ya ƙirƙiro shi. Amma ai kuɗin da suke samu a nan daga aljihun mutanen nan yake fitowa, talla suke sayarwa, bayananmu suke tarawa, kuma ta layukan MTN da Airtel da Glo suke shigowa wayarka, su kuwa waɗannan layukan lasisinsu yana hannun hukumar kula da sadarwa NCC. To ka ga gwamnati tana da wurin kamu. Za ta iya cin tara, za ta iya karɓar haraji, za ta iya cewa sai kun buɗe ofis a nan, in abin ya ƙi kuma ta sa kamfanonin waya su toshe hanya gaba ɗaya.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya kamata a raba tun daga farko don shi ne ake yawan cakuɗawa: dokar da ke kama kamfani daban, dokar da ke kama mai riƙe da waya daban. In aka ce "za a tsaftace soshiyal midiya" ka tsaya ka duba wa sandar za ta sauka a kansa, Zuckerberg mai Facebook ne ko yaron unguwarku da ya zagi ciyaman.

Da gaske an taɓa rufe Twitter a Najeriya? Me ya haɗa su?

Ƙwarai kuwa, wata bakwai cur. A farkon watan Yuni 2021 shugaba Buhari ya yi wani rubutu a Twitter kan masu ƙona ofisoshin INEC da na 'yan sanda a kudu maso gabas, ya tuna musu yaƙin basasa ya ce za a yi musu magana da yaren da suke ganewa. Mutane suka yi ta ripotin, Twitter ta goge rubutun ta ce ya saɓa ƙa'idarta. Ranar 4 ga Yuni ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar an dakatar da Twitter sai baba-ta-gani, kuma abin dariyar, a Twitter ɗin ma'aikatarsa ta saka sanarwar. Washegari aka wayi gari ba ta buɗuwa. Ministan shari'a Abubakar Malami ya ce a gurfanar da duk wanda ya kewaye dokar, hukumar NBC ta ce gidajen rediyo da talabijin su daina amfani da ita.

Fadar shugaban ƙasa ta ce ba don goge rubutun kaɗai ba ne, wai don yaɗa ƙarya ne da barazana ga zaman ƙasa ɗaya. To dama akwai jiƙaƙƙa. A zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020 shugaban Twitter na lokacin Jack Dorsey ya fito fili ya goyi bayan masu zanga-zanga, sannan a Afrilu 2021 kamfanin ya zaɓi Ghana a matsayin mazauninsa na Afirka ya tsallake Najeriya, wannan ma ya yi wa gwamnati ciwo. Amma dai kowa ya ga cewa shekara da shekaru ana yaɗa ƙarya a kan talakawa ba a rufe komai ba, sai da aka taɓa rubutun mai gida.

Waɗanda suka ga lokacin za su tuna yadda kalmar VPN ta shiga bakin kowa. Ka je wurin masu cajin waya da tura fina-finai sai ka ga yaro ya karɓi wayar dattijo yana danne-danne, "Baba na saka maka, in za ka shiga ka fara kunna wannan mai hoton makullin, in ka gama ka kashe don tana shan caji", shi kenan mutum yana zaune a Gombe Twitter na ganin yana Holan. Gwamnati kuma ta koma wata manhajar Indiya mai suna Koo ta buɗe shafi a can, Koo ɗin ma ta mutu a 2024.

To a ƙarshe wa ya ci wa?

An buɗe ranar 13 ga Janairu 2022, bayan kwana 222. Shugaban hukumar bunƙasa fasahar zamani NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ne ya fitar da sanarwar, ya ce Twitter ta yarda za ta yi rajista a Najeriya, ta naɗa wakili, ta biya haraji, ta kuma ba jami'an gwamnati wata hanya ta musamman ta kai ƙorafi. A takarda kam gwamnati ta ci. Amma kafin shekarar ta ƙare Elon Musk ya saye kamfanin, ya kori ma'aikata rututu har da kusan duka na ofishin Accra, daga baya ma ya sauya masa suna zuwa X. Wanda ya sha wuya a tsakani shi ne mai ƙaramar sana'a da ke samun kwastoma ta Twitter da 'yan jarida da masu neman taimakon kuɗin asibiti. Ƙungiyar NetBlocks mai bibiyar katsewar intanet ta ƙiyasta asarar ta kai wajen dala dubu 250 a kowace awa, ƙiyasi ne dai, amma ko rabinsa ne ba kaɗan ba ne.

Kotu ba ta ce komai ba?

Ta ce. Ƙungiyar SERAP da wasu 'yan Najeriya sun kai ƙara kotun ECOWAS da ke Abuja. Tun a watan Yunin 2021 kotun ta hana gwamnati kama mutane saboda amfani da Twitter, sannan ranar 14 ga Yuli 2022 ta yanke cewa rufewar ta saɓa doka, ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma kar a sake. Babban abin da ya kayar da gwamnati shi ne babu wata doka ko umarnin kotu da ta dogara da shi, minista ne kawai ya tashi ya yi sanarwa. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin magana, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro ko zaman lafiya, amma ta hanyar doka, ba ta hanyar fushi ba. Hukuncin dai ya zo wata shida bayan an riga an buɗe.

Na ji an ci tarar Meta dala miliyan 220, me suka yi?

Wannan ita ce irin dokar da ni nake goyon baya, don kamfani ta kama, kuma a kan haƙƙinka da nawa. Ka tuna a farkon 2021 WhatsApp ya turo wani saƙo cewa ko ka danna "na yarda" da sabon tsarinsu na raba bayanai da Facebook ko ka daina amfani da shi? Yawancinmu mun danna ba mu karanta ko layi ɗaya ba. Daga nan hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC ta fara bincike tare da hukumar kare bayanan sirri NDPC, aka ɗau wata 38, sannan a Yuli 2024 aka ce Meta ta kwashi bayanan 'yan Najeriya ta raba ba da izininsu ba, ta yi amfani da ƙarfinta a kasuwa ta tilasta musu sharuɗɗa, kuma ta ba Turawa zaɓin da ba ta ba mu ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi baƙanta rai wallahi, kamfani ɗaya, manhaja ɗaya, amma mutumin Jamus yana da damar cewa a'a, mutumin Zariya babu.

Meta ta ɗaukaka ƙara, a Afrilu 2025 kotun sauraron ƙararrakin gasar kasuwanci ta tabbatar da tarar har ta ƙara musu dala dubu 35 kuɗin bincike. Ban da wannan NDPC ta yi nata tarar ta dala miliyan 32.8, hukumar kula da tallace-tallace ARCON ta nemi naira biliyan 60 kan tallukan da ba a tantance ba. In ka haɗa duka sun doshi dala miliyan 290. Ta ɓangaren NDPC ɗin daga baya sun sasanta a wajen kotu a ƙarshen 2025.

Dokar da ta ba NDPC haƙori ita ce dokar kare bayanai da Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023. Kafin nan ƙa'idoji ne kawai na NITDA da kamfanoni ba sa wani jin tsoronsu.

Bayanan nawa me za su yi da su? Ni fa ba ni da abin ɓoyewa.

Kowa haka yake cewa. Ba maganar sirrin soyayya ba ce, maganar lambar wayarka ce da lambobin duk wanda ke cikin wayarka, inda kake kwana, irin wayar da kake riƙewa, ƙarfe nawa kake tashi, me ka tsaya ka kalla na daƙiƙa goma. Da wannan ake gina maka hoto a sayar wa masu talla, har da 'yan siyasa. In kana so ka ga illar bayanai a hannun da bai dace ba ka tambayi wanda ya taɓa cin bashin manhajojin nan na waya, ya yi lattin kwana uku suka tura wa surukinsa da limamin unguwarsu saƙo cewa ɓarawo ne.

Ance Facebook za su tattara su bar Najeriya, zai yiwu?

A takardun da suka kai kotu a 2025 sun ce mai yiwuwa a tilasta musu rufe Facebook da Instagram a ƙasar, FCCPC kuma ta mayar da martani cewa barazana ce, ko sun tafi bashin yana wuyansu. Ni dai ban ga alamar tafiya ba, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba a barinta da wasa. Amma kar mu yaudari kanmu, in suka tafi ɗin mu za mu fi jin jiki. Matar da ke sayar da turaren wuta da humra daga ɗakinta a Maiduguri, shagonta kaf Instagram ne da status ɗin WhatsApp, ba ta da wata rumfa a kasuwa. Sun san haka, shi ya sa suke iya yin barazanar.

Yanzu wace doka ce take aiki a kan kamfanonin?

Akwai kundin ƙa'idojin NITDA na 2022. A taƙaice ya ce duk dandalin da ke da masu amfani sama da dubu 100 a Najeriya ya yi rajista a nan, ya sami adireshi, ya naɗa wanda gwamnati za ta riƙa tuntuɓa, ya cire abin da ya saɓa doka cikin awa 48 in an sanar da shi, ya ba mutane hanyar kai ƙorafi, ya kuma kawo rahoto duk shekara. Daga irin rahoton nan ne NITDA ta ce a 2024 su Google da Microsoft da TikTok sun rufe asusu sama da miliyan 13. Adadin yana da daɗin faɗa a taron manema labarai, amma bai gaya maka nawa ne na 'yan damfara ba, nawa ne kuma na bayin Allah da na'ura ta rufe bisa kuskure.

Sai haraji. Tun Janairu 2022 in ka biya kuɗin talla a Facebook akwai VAT kashi 7.5 a kai. Wato shi ma a ƙarshe kai ne ka biya.

Masu suka suna cewa kundin NITDA bai bi ta majalisa ba, kuma wasu kalmominsa a buɗe suke, wa zai yanke cewa abu "mai cutarwa" ne? In jami'in gwamnati ne shi kaɗai, to ranar da ka saka bidiyon asibitin da rufinsa ke yoyo shi ma zai iya zama mai cutarwa.

Ni da nake fostin kawai, za a iya kama ni?

Sosai ma, kuma a gaskiya nan ne sandar ta fi sauka. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana da wani sashe na 24 da ya yi ƙaurin suna, a yadda aka fara rubuta shi ko saƙon da ya "ɓata wa wani rai" ko ya "dame shi" zai iya kai ka gidan yari shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Da shi aka riƙa ɗaukar 'yan jarida da masu rubutu a Facebook. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa 'yancin magana, a Fabrairu 2024 aka yi masa gyara aka rage shi zuwa batsa da kuma ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don tayar da hankali ko jefa rai cikin haɗari. Gyaran ya yi, amma kamen bai tsaya ba, don ɗan sanda ba ya buƙatar ya ci shari'a, ya ishe shi ya ɗauko ka daga Jalingo zuwa Abuja ka yi sati biyu a sel kafin lauya ya gano inda kake. Wahalar ita ce hukuncin.

Kuma ba sashe na 24 kaɗai ba ne, a Arewa akwai dokar ɓata suna da ta tayar da zaune tsaye a kundin Penal Code. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne da tarar naira dubu 10 da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda sun yi wa gwamnan lokacin Ganduje shaguɓe. A watan Nuwamban dai aka kama wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse kan rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da ɗalibai suka yi caa sannan aka janye ƙarar. Duk a cikin waɗannan babu inda aka taɓa kamfani ko da kwabo.

Wannan ba yana nufin ka yi ta ƙazafi ba ne fa. In ka ce wane ya saci kuɗi ka tabbata kana da takarda, in kuma turowa aka yi maka ka tura gaba, "ni ma gani na yi" ba ta fitar da mutum a gaban alƙali.

Ina labarin dokar soshiyal midiya da aka ce majalisa za ta yi?

Ta sha zuwa tana komawa. A 2015 sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo wani ƙuduri da aka yi wa ca har aka janye shi. A 2019 sanata Mohammed Sani Musa na Neja ya kawo na yaƙi da ƙarya a intanet, wanda zai ba 'yan sanda ikon sa a toshe intanet, mutane suka gano ya yi kama sosai da wata dokar Singapore. A lokacin ne kuma sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo na kalaman ƙiyayya mai hukuncin rataya in maganar ta jawo asarar rai. Duk ba su kai labari ba. A Maris 2025 na sanata Ned Nwoko ya tsallake karatu na biyu, shi kuma so yake a tilasta wa kamfanonin buɗe ofis na zahiri a Najeriya, har da masu shafukan labarai na kansu. Rabin farko da ma'ana, rabi na biyun kuwa, yaron da ke rubuta labaran ƙwallo daga ɗakin zaure ina zai samo kuɗin hayar ofis?

Abin da ya sa mutane ba sa yarda da irin waɗannan ƙudurori a fili yake, waɗanda za su riƙe wuƙar su ne suke da sojojin baka da ake biya data duk wata don su yi wa abokan hamayya ƙarya. In kura na maganin zawo ta yi wa kanta.

Amma Malam, ai ɓarnar ta yi yawa. 'Yan bindiga na yin laif a TikTok, ana yaɗa tsiraici, a bar su haka kenan?

A'a, kuma duk wanda ya ce a bar kamfanonin nan sakaka bai san abin da ke faruwa ba ne. Mun ga 'yan bindiga suna baje damman kuɗin fansa a TikTok, suna rabon kyauta, mutane na tura musu lambar asusu a kwamen. Mun ga hoton rikicin wata ƙasa an ce a garin kaza aka yi jiya. A 2018 BBC ta yi bincike kan rikicin Filato na watan Yunin shekarar, ta nuna yadda aka yaɗa hotunan gawarwaki da ba ma na wurin ba a Facebook, 'yan sandan jihar kuma suka ce abin ya ƙara rura wutar ramuwar gayya. A lokacin masu tantance gaskiyar labari da Facebook ke aiki da su a Najeriya mutum huɗu ne, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

To nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne na fi so a ce gwamnati ta matsa. Na'urorin da ke tace rubutu Turanci suka iya. Mutum zai rubuta da Hausa "a gama da su" ko ya yi habaici da karin magana wanda duk Bahaushe ya san kiran kisa ne, ka yi ripotin, bayan kwana biyu su turo maka cewa sun duba bai saɓa ƙa'ida ba. Wani kuma ya saka hoton ragon layya ana fiɗa su rufe masa shafi wata guda. Mutanen da ake ɗauka su duba irin wannan 'yan kaɗan ne, ta hannun 'yan kwangila, da albashi ƙanƙani. Wasu 'yan Najeriya masu duba rubutun Hausa a Nairobi suke zaune ƙarƙashin wani kamfani mai suna Sama, yini guda suna kallon yankan mutane da fyaɗe, a 2023 aka sallame su, su fiye da 180 daga ƙasashe daban-daban suka kai Meta ƙara a kotun Kenya.

Da za a yi dokar da ta ce kowane kamfani ya bayyana mutum nawa yake da su masu jin Hausa da Fulfulde da Kanuri, awa nawa suke ɗauka kafin su amsa ripot, fostin nawa gwamnati ta nemi a cire kuma a kan wane dalili, da na fi kowa tafi. Kamar kasuwa ce, mai kasuwa yana karɓar kuɗin rumfa to dole ya ɗauki masu gadi da ke jin yaren 'yan kasuwar. Kuma suna iyawa in sun ga dama, a Yuli 2024 Meta ta goge asusun Instagram kusan dubu 63 a Najeriya na masu yi wa mutane barazana da hotunan tsiraici, amma ka lura, yawancin waɗanda ake cuta a wannan harkar Amurkawa ne.

Sauran ƙasashe ya suke yi?

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amurka tana da wani sashe na 230 na dokar 1996 da ya ce ba a kama kamfani da laifin abin da mai amfani ya rubuta, shi ya sa suka yi girman nan. Duk da haka a 2024 sun yi dokar tilasta wa ByteDance sayar da TikTok ɗin Amurka. Tarayyar Turai ita ce ta fi tsari, dokarta ta DSA ta ce manyan dandali masu mutum miliyan 45 zuwa sama dole su bayyana yadda suke tace abubuwa, in sun goge maka fostin su gaya maka dalili su ba ka damar ɗaukaka ƙara, in sun ƙi a ci su tarar da za ta iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsu na duniya. A 2023 ma sun ci Meta yuro biliyan 1.2 kan kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka. Indiya ta haramta TikTok tun 2020. Ostireliya ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe asusu daga Disamba 2025, kuma kamfani ake ci tara ba yaro ko iyayensa ba.

Wanda ya fi kama da namu shi ne Brazil. A ƙarshen Agusta 2024 alƙalin kotun ƙoli Alexandre de Moraes ya sa an toshe X saboda Musk ya ƙi naɗa wakili ya ƙi bin umarnin kotu. Musk ya yi ta zage-zage, amma kafin tsakiyar Oktoba ya biya tara ya naɗa wakilin aka buɗe. Can ma an yi ta gardama kan ko alƙalin ya wuce gona da iri, sai dai aƙalla kotu ce ta yi, da rubutaccen hukunci da sauran alƙalai suka duba.

Maƙwabtanmu fa?

Su ba sa ma tsayawa jayayya da kamfani, makunnin suke kashewa. Chadi ta toshe su WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yuli 2019. Kamaru ta katse intanet a yankunan masu Turancin Ingilishi wata uku a farkon 2017. Nijar ta ɗauke intanet ɗin waya kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021, kuma dokarta ta laifukan intanet ta 2019 da aka cire wa hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, sojoji sun maido da ɗaurin a 2024. Mu ma mun ɗanɗana irinta a Satumba 2021 da aka kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga, mutane na tafiya gari ya gari ko su hau tudu don kawai su kira 'yan uwa su ce muna nan lafiya.

Gwamnatin jiha ko Hisbah za su iya rufe TikTok?

Ba za su iya ba. Harkar sadarwa ta gwamnatin tarayya ce, ko rufewar Zamfara ma gwamna roƙa ya yi, NCC ce ta ba da umarni. Abin da Hisbah da hukumar tace fina-finai ta Kano suke iyawa shi ne kiran masu yin bidiyon, a yi musu nasiha ko a kai su kotu. Kamfanin kansa ba ya ma sanin ana yi.

Amfani da VPN laifi ne?

Babu dokar Najeriya da ta haramta shi. Ka dai yi hankali da na kyauta, wasunsu su ma bayananka suke kwasa.

An rufe min shafi ba gaira ba dalili, ko an yi min kutse, ina zan kai kuka?

Fara da maɓallin ɗaukaka ƙara na cikin manhajar, kuma ka yi da wuri don wa'adi gare shi, ka ɗauki sikirinshot na duk saƙon da suka turo. Kar ka ba kowa kuɗi don ya ce yana da ɗan uwa a Meta zai buɗe maka, damfara ce a kan damfara. In maganar bayananka ce aka yi amfani da su ba izini, NDPC tana karɓar ƙorafi, in kuɗin talla ne aka cire maka ba a yi aikin ba, FCCPC. In kuma wani ne yake maka barazana da hotuna ko ya sace asusunka yana roƙon kuɗi da sunanka, rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, kuma kar ka tura ko sisi, wanda ya biya sau ɗaya sai an dawo masa.

Masu sana'a kuma, 'yar uwa mai sayar da atamfa da ɗan uwa mai takalma, ku riƙa kwafe lambobin kwastomominku a littafi ko a wani wuri da ba na kamfanin ba, ku kunna tsarin tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Instagram yau ɗin nan, kuma lambar nan mai guda shida da ake turowa ta tes kar ku karanta wa kowa ita a waya ko da ya ce daga guruf ɗin makarantar su yara yake.